Tsinin Kibiya a Hancin Harsashi

Damisar ta fara da awaki. Ta ɗauki uku na Ishiyaku, ta ɗauki karen maƙwabcinsa, mutanen Vimtim suka yi ƙorafi suka haƙura, don kaka ta yi, dawa ta nuna, babu mai sararin bin sawu cikin duwatsu. Sai wata Laraba da hantsi ta sauko mayo, wato rafin garin, ta tarar da Salome matar Ishiyaku tana wanki. Ba ta kashe ta ba. Ta dai tsage ta daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu kafin kururuwar sauran mata ta kore ta. Ishiyaku ya ɗauki adakarsa, bindigar gargajiya, ya yi kwana biyu yana fako, ya harbe ta sau biyu, ya rantse duka biyun sun same ta, amma ko ɗigon jini ba a gani a ƙasa ba. Tun daga nan mata suka daina zuwa yankan dawa a gonakin gindin dutse, tsuntsaye suka gaje gonakin, aka kuma soma raɗa cewa wannan ba damisar Allah da Annabi ba ce.

Ana cikin haka Dijatu ta dawo gida hutun ƙarshen shekarar 1962. Shekararta goma sha tara, tana koyarwa a wata firamare a Mubi, ita kaɗai ce mace cikin malaman, kuma ko a tafiyarta ana ganin ta san da haka. Tun kafin ta sauke akwati ta hango bindigar ubanta Hammanjoda shimfiɗe kan buzu a tsakar gida, ta san an zo an roƙe shi.

Bindigar Hammanjoda babu irinta a ƙasar. Wani likita Ba'amurke ne ya bar masa, wanda ya yi wa jagora a daji shekara tara, ya koma ƙasarsu a shekarar ƙuri'ar da ta bar Mubi cikin Nijeriya. Gajera ce, ba nauyi. A ƙarƙashinta akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar hannun buta, in an ja shi ƙasa aka mayar sai tsohon kwanso ya yi tsalle ya fita, sabon harsashi ya hau. Harsasan kuwa suna kwance ne cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin bindigar, guda shida a jere, hancin na baya a gindin na gaba. Daidai kan wannan bututu mai harbi yake riƙewa da hannun hagu.

Harsasan kanti sun daɗe da ƙarewa. Abin da likitan ya bari shi ne tarin kwanson tagulla, da gwangwanin albarushi, da ƙarfen zubi mai kama da awartaki, da ɗan akwatin maɓallan da ake dasawa a gindin kwanso, waɗanda in an sare su wuta ke tashi. Su a gida ido suke ce musu. Sai wani littafin Turanci da gara ta cinye bangonsa. Hammanjoda bai yi boko ba, don haka tun Dijatu tana 'yar shekara goma sha biyu likitan ya zaunar da ita ya sa ta karanta littafin da ƙarfi, shafi bayan shafi, har zubin harsashi ya zama aikinta a gidan kamar yadda daka yake aikin wasu.

"Malama ta iso," in ji Hammanjoda, bai ɗago daga shafa wa bindigar mai ba. "Dalma na nan cikin ƙwarya. Ta tsohon taru ce, Laminu mai kifi ya kawo daga Barno tare da kifinsa. Ya ce har yanzu tana warin tafki."

"Baba, wa zai raka ka?"

"Maza."

"Mazan da suka harba sau biyu?"

Ya yi ɗan murmushi, amma ta lura wuri ɗaya yake ta shafawa da tsumman, yana maimaitawa. Ba ta taɓa ganin haka ba.

Washegari da sassafe ta hura gawayi a bayan rumbu. Ta narka dalmar a cikin tsohon ludayin ƙarfe, ta jefa ɗan guntun farar dalmar masu liƙin bokiti don ta yi tauri, ta kwashe dattin da ya taso sama. Na farko da suka fito daga ƙarfen zubi duk sun yamutse kamar fuskar tsohuwa, don ƙarfen bai yi zafi ba tukuna, ta mayar da su wuta. Da hannu ya kama, suka riƙa faɗowa kan tsumma suna sheƙi. Arba'in ta zuba. Sannan ta zauna zaɓe, aikin da ta fi ba muhimmanci. Ta kan duba gindin kowanne ko akwai ɗan rami, ta karce shi da farce ta ji taurinsa, ta mirgina shi kan allonta na makaranta ta ga ko zai tafi sak ko zai karkace. Na ƙarshe ta shafa hancinsa da babban yatsa. Hancin a shafe yake, kamar an yanke shi da wuƙa, kuma haka ake so. Goma sha uku suka tsira. Ta cika tsagoginsu da kakin zuma da kitse, ta ɗora shida a kwansonsu, ta bar bakwai kan allo don ta huta da hayaƙi.

A nan Gabdo maƙeri ya same ta. Abokin ubanta ne tun suna yara, gurgu ne a ƙafar dama, bakinsa kuwa lafiya lau.

"'Yar boko ana ta girki? Wannan tuwon wa zai ci?"

"Wadda ta ci awakin Ishiyaku, Bappa."

Ya ɗauki guda ya juya shi. "Dubi hancinsa kamar na alade. Wannan ne zai huda abin da ya sha adaka biyu ya yi hamma? Ko yaro ya san abin da zai shiga jiki tsini ake yi masa."

"Wannan ba kibiya ba ce."

"Shi ya sa," in ji Gabdo. Ya tattara bakwai ɗin ya zuba a aljihu, ya ɗingisa zuwa wurin Hammanjoda. Ta ji suna magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, da la'asar kuma suka fita tare.

Da gari ya waye ta kai wa ubanta kunu, ya tsayar da ita a bakin ƙofar ɗaki.

"Tsaya nan. Kada ki shigo."

Daga inda take ta gan su jere kan buzu. Harsasanta ne bakwai, an ɗora su a kwanso, amma kowanne an huda masa hanci an dasa wani baƙin tsinin ƙarfe, siriri kamar ƙayar aduwa. Ƙwaryar kunun ta kusa suɓuce mata.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tsinin kiban kakan Gabdo. Da su aka kashe zakin da ya tsare hanyar Mubi a zamanin da. An yi musu abin da ake yi, an turara. Daga yanzu mace ba ta taɓa su, ba ta tsallake bindigar, in ba haka ba maganin ya karye."

"Ba maganin nake ji ba. A cikin bututun hancin wannan yana zaune ne kan idon wancan. In ka harba bindigar ta yi baya da ƙarfi, tsinin nan zai sari ido kamar yadda kunamar bindiga ke sara. Duk shidan za su tashi a cikin bututun, a tafin hannunka."

"Littafi ne ya ce?"

"Littafi, da likita. Ka manta mutumin garinsu da ya ba mu labari, mai yatsa biyu a hannun hagu? Shi harsashi mai tsini kawai ya sa, na dalma. Kai ƙarfe ka sa."

"Littafin ya taɓa ganin damisa?"

"Bai taɓa ba. Amma ya ga bindiga."

Hammanjoda ya daɗe yana kallon buzun. Mutum ne da ya yi shekara talatin a daji, amma ya je ya ga hannun Salome, ya kuma ji rantsuwar Ishiyaku. Dijatu ta gane tsoro ne ya kai shi maƙera, kuma ba zai taɓa faɗa ba.

"To ji," in ji ta, ta sassauta murya. "Sa guda ɗaya mai tsini a ciki, wanda zai fara fita. Shi babu kowa a gabansa. Bututun ka cika da nawa shida. Ka sami maganin Bappa, ka tsira da hannunka."

"Na ji."

"Baba, ka yi alkawari."

"Na ce na ji, Dija. Ajiye kunun nan."

Ta ajiye harsasanta shida a bakin ƙofa cikin ƙoƙo, ta koma. Da hantsi ya yi maza suka taru a ƙofar gida, Gabdo da Ishiyaku da wasu huɗu masu masu, kowa da mashinsa a hannu. Shirinsu su isa gindin dutse su jira rana ta take, lokacin da damisa ke kwance cikin kogo, su cusa mata hayaƙi ta fito. Ta leƙa ta zana ta ga bayan ubanta, bindigar a kafaɗa, har dawa ta haɗiye su.

Sai da suka yi nisa uwarta Hapsatu ta aike ta share ɗakin. Ta ɗaga tabarma, ga ƙoƙon an kife. Ta buɗe. Shida cif, hancinsu a shafe, suna kallonta. Mace ce ta taɓa su da hannu, ba za a gama su da masu magani a bututu ɗaya ba. Ta san bakin da ya faɗi haka, na Gabdo ne.

Ta zauna a ƙasa. Abin da ta gani a zuciyarta ba shi da yawa: ubanta a tsaye, damisa taku goma a gabansa, ya ja kunama, hannun hagunsa ya tarwatse, bindigar ta zama itace.

Ta ƙulle harsasan a bakin ɗankwalinta ta fito.

"Ina za ki?" in ji Hapsatu daga bakin murhu.

"Gindin dutse."

Hapsatu ta miƙe da muciya a hannu. "Ke kaɗai? Ta cikin dawar nan? Dija, mata goma ba sa bin hanyar nan yanzu."

"Dada, in ban je ba yau za a kawo miki shi a kan ƙyaure."

"In kin je a kawo mini ku biyu."

"To a kawo," in ji Dijatu. Ta juya ta fita.

Daga bayan gidan Ishiyaku hanya take shiga gonaki. Dawar ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, karan ya bushe, ganyen yana kaskas ko babu iska. Ba ta ganin taku biyar a gaba, ba ta ganin taku biyu a gefe. Ta so ta ruga, amma tun tana ƙarama ubanta ya gaya mata abin da ke gudu shi damisa ke bi. Sai ta riƙa tafiya da sauri iyakar abin da ba za a kira gudu ba. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. Ɗaya yana cikin dawar, ko'ina. Ɗayan yana gaba, ƙarar bindiga da take jira kowane taku, wadda in ta ji ta tafiyar ta zama banza.

Ta tsallaka mayo daidai inda Salome ta yi wanki. Ƙwaryar sabulun tana nan kife kan dutse, babu wanda ya koma ɗauka. A cikin yashin da ke da laima ta ga sawun maza, ta kuma ga wani sawu mai faɗin tafin hannunta, zagayayye, ba alamar farce. Ta tsaya tana dubawa ko ya taka sawun mazan ne ko su suka taka shi. Ta kasa ganewa. Ta daina dubawa.

Bayan mayo hanyar ta ƙuntata. Wani wari ya bugi hancinta, na nama da ya kwana biyu a rana. Ta ɗaga kai. A tsakanin rassan wata bishiyar kanya, sama da kanta, ƙafar akuya ce ke reto, ƙudaje sun rufe ta. Ke nan nan damisar take cin abincinta.  Dijatu ta karanta addu'ar da ta iya, ta wuce ƙarƙashin bishiyar tana jin kamar an ɗora mata ido a ƙeya. Taku kaɗan gaba wani abu ya fashe daga cikin kara da ƙara, ta durƙushe ta rufe wuyanta da hannu biyu tana jiran nauyin ya sauko. Fakara ce. Ta daɗe a durƙushe kafin ta iya tashi, takalminta ɗaya ya tsinke, ta cire duka biyun ta bar su nan. Ta taɓa ƙullin ɗankwali, shida suna nan.

Ta fito daga dawar ƙafafunta na jini da kaikayi. Ga dutsen, ga wata babbar tsamiya a gindinsa, ga mazan a inuwa suna ɗaure damman busasshiyar ciyawa. Bindigar tana kwance kan buzu a gefe, bakinta na kallon dutse, kowa yana kewaye ta daga nesa. Ba a harba ba. Sai a lokacin hawaye suka zo mata, ta mayar da su.

Ishiyaku ne ya fara ganinta. "Kai, Hamman, yarinyanka ya zo."

Hammanjoda ya miƙe, fuskarsa ta canza. "Me ya faru a gida?"

"Ba abin da ya faru a gida. Ka manta kayanka." Ta kwance ƙullin ta nuna masa.

"Ban manta ba. Koma."

"Baba, ka ce ka ji."

"Na ji, na kuma yi shawara da maza. Kada ki sa ni magana biyu a gaban mutane."

"Malama ta biyo mu da darasi," in ji Gabdo daga inda yake zaune. "Ku zauna ku naɗe ƙafa, yara. Wanda bai iya ba a ba shi bulala."

Mazan suka yi dariya, irin dariyar da masu tsoro ke yi in sun sami abin yi wa ita. Dijatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ga ko ta karanta musu littafin daga bango zuwa bango babu wanda zai motsa, ubanta kuma ba zai sauke maganin abokinsa a gaban idonsu don 'yarsa ta ce ba. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma su ne suka nuna mata ita.

Ta nufi buzun. Kafin wani ya gane abin da take nufi ta tattare zanenta ta ɗaga ƙafa ta tsallake bindigar. Ta juyo ta sake tsallakewa, don kada wani ya ce bai gani ba.

Wurin ya yi tsit, har kukan kurciya a kan tsamiya ana ji. Ɗaya daga cikin masu masu ya yi salati a hankali. Hammanjoda ya iso gabanta da taku uku, hannunsa a sama. Bai taɓa dukanta ba. Ta tsaya ta dube shi, ba ta kare fuska ba.

"Mare ni," in ji ta. "Da wannan hannun ko da ɗayan, duk biyun suna nan."

Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauko.

"Shi ke nan, ya karye," in ji Ishiyaku. "Yanzu in ya kama mutum, wa ya jawo?"

 Hammanjoda ya durƙusa ya ɗauki bindigar, ya riƙa jan ƙarfen yana mayarwa a hankali, harsasan suna faɗowa kan buzu har bakwai. Dijatu ta ɗauki guda, tunda yanzu babu abin da ya rage a karya, ta juya gindinsa. A tsakiyar idon akwai ɗan lotsi sabo, yana ƙyalli. Ta duba sauran. Uku ne haka. Ta miƙa wa Gabdo.

"Bappa, kai ne maƙeri. Tafiya kaɗai ta yi wannan, daga gida zuwa nan a kafaɗa. Ba a harba ba tukuna."

Gabdo ya kai shi kusa da ido, ya shafa lotsin da farce. Ya daɗe yana shafawa. Mutum ne da ya san abin da ƙarfe ke yi wa tagulla.

"Ƙarfen kakana ba ya wasa," in ji shi daga ƙarshe. "Kun gani ko? Tun ba a aike shi ba ya fara cizo." Amma ya zuba su a aljihu, bai ce a mayar ba.

Hammanjoda ya miƙo tafin hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta zuba masa shidan. Ya cusa su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin masu masu suka ce su kam ba za su hau dutse da bindigar da mace ta tsallake ba, suka koma gefe. Ishiyaku ya tofar da yawu, ya ɗauki damin ciyawa.

"Matata ne ya kama," in ji shi. "Da magani da babu, ni zan hau."

Ba ta da hanyar komawa ita kaɗai, sai aka bar ta gindin tsamiya tare da Gabdo, wanda ƙafarsa ba ta hawan dutse. Ta jingina da bishiyar tana kallon ubanta yana hawa, yana ƙanƙancewa, har wani ƙaton dutse ya tare shi.

"In aka sauko da shi a kwance," in ji Gabdo, "kada ki ce littafi ne. Duk Vimtim za a ce ke ce."

"Ni ma haka zan ce."

Ya dube ta, ya matsar da mashinsa kusa. "Zauna ta bayana. Kin zubar mini da aikin kwana guda, amma ba zan kai wa Hapsatu ɗankwalinki a madadinki ba."

Yanzu wani sabon tsoro ya shigo. Ta tuna arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ko ta bar mai rami a ciki wanda ido ba ya gani? Ko farar dalmar ta yi yawa, ya yi taurin da zai wuce bai buɗe ba? Ko ta yi kaɗan? Ko a cikin shida akwai wanda albarushinsa ya sha laima? Da safe tana da tabbaci kamar dutse. Yanzu da babu komai tsakanin ubanta da damisar sai abin da ta zuba da hannunta a bayan rumbu, tabbacin ya narke. Har ta kama kanta tana tunanin ko da gaske akwai wani abu a tsinin kiban nan.

Hayaƙi ya taso fari daga tsakanin duwatsu. Suka jira. Kurciyar ta yi shiru.

Ƙarar farko ta daki dutsen ta dawo. Dijatu ta runtse ido tana sauraron irinta. Ƙara ɗaya ce, tsaf, irin wadda ta sani. Sai wani gurnani da ta ji a ƙirjinta kafin kunnenta, da muryar Ishiyaku yana kiran suna. Ta biyu da ta uku suka zo kusan a haɗe. Ta huɗu ta ɗan jinkirta. Daga nan babu komai, sai hayaƙi yana ta tashi abinsa.

Ta ƙirga numfashinta har ta ɓata lissafi. Gabdo yana jan carbi, bakinsa ba ya motsi. Ta miƙe, ya riƙe mata zane.

"Zauna. In labari ne zai sauko da ƙafarsa."

Kai na farko da ya ɓullo na ɗaya daga masu masu ne. Sai na biyu. Sai Ishiyaku, yana tafe a karkace, wani ya rataya hannu a wuyansa. Hammanjoda ne. Wandonsa ya tsage daga cinya zuwa gwiwa, ya jiƙe ja. Amma a tsaye yake, da ƙafarsa yake saukowa, bindigar kuma tana hannunsa na hagu. Dijatu ba ta dubi cinyar ba. Yatsun ta ƙirga, tun daga nesa, sau biyu.

Ishiyaku ne ya ba da labari tun kafin su iso, yana haki. Na farko ya same ta a ƙirji amma ta taho, na biyu ya wuce ta sama, na uku ya karya mata kafaɗa tana cikin iska, ta faɗo kan ƙafar Hamman ta kai masa yaga ɗaya, na huɗu a kunne ya sa mata. "Tak, tak, tak," in ji shi, yana kwaikwayon jan ƙarfen. "In da bindiga ya tsaya bayan na farko, yau mu biyu ne gawa."

Ba wanda ya dubi Dijatu, ita ma ba ta nemi a dube ta ba. Ta yage ɗankwalinta ta durƙusa ta ɗaure cinyar, ƙullin ya kwance sau biyu kafin ya kama.

Da aka feɗe damisar a ƙofar gidan Ishiyaku aka tarar da guntayen ƙarfen tukunya biyu, irin waɗanda ake ɗura wa adaka, a ƙarƙashin fatar cinyarta, wurin ya yi ruwa. Ishiyaku bai yi ƙarya ba, adakar ce ba ta shiga. Gabdo ya ce duk da haka ƙamshin turaren da ya rage a bututun ne ya yi aiki, kuma akwai waɗanda suka yarda da shi. Har hutun ya ƙare wasu dattawan ba sa amsa gaisuwar Dijatu, mata kuma in ta wuce sai su yi shiru. Ta riƙa gaishe su da ƙarfi, tana kiran sunan kowa, ta wuce.

Kwana uku bayan haka Gabdo ya aiko a mayar masa da tsinin kiban kakansa. Hammanjoda yana zaune a bayan rumbu, ƙafar a miƙe an naɗe ta, ya zare kawunan bakwai ɗin daga kwanso da awartaki, Dijatu ta narka su, baƙaƙen tsinin suka taso saman dalmar ta tsame su ɗaya-ɗaya. Tun ranar dutse bai yi mata magana ba sai ta kawo ruwa da ɗauke kwano.

"Kin kunyata ni a gaban mutane," in ji shi, yana kallon wuta.

"Na sani, Baba."

"Za ki sake?"

"In ka sake."

 Ya laluba aljihu ya miƙo mata wani abu. Dalma ce da ta baje kamar anini, da ɗan gashi rawaya manne a gefenta. Daga kafaɗar damisar aka ciro.

"Na uku ne," in ji shi. "Kada ki narka wannan."

Ta karɓa, amma ba ta saki hannun ba. Na hagu ne. Ta riƙe shi tana duba yatsun, masu kaushi, masu warin man bindiga, har dalmar da ke cikin ludayi ta fara daskarewa.